Filin Shawara: Na Karanta Littattafan Arziki, Rumfar Maigida Ta Yi Mini Ƙunci

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, saboda abu ɗaya ne ya tayar da su duka: littattafan nan na neman kuɗi da gyaran hali da ake shimfiɗawa a bakin titi da rumfunan Sabon Gari, waɗanda yanzu har a waya ake tura wa juna. Kamar yadda aka saba, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa.

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Shekarata 24, yaron shago ne ni a wajen 'yan takalma a kasuwar Ƙofar Wambai. Shekara shida ke nan ina tare da maigidana, aminin marigayi mahaifina ne. Ina da difloma, kuma ina son karatu. Bara wani abokina ya ara mini Rich Dad Poor Dad, daga nan na bi wasu irinsa. Gwaggo, tun daga lokacin zaman rumfa ya fita daga raina. Abin da na fahimta shi ne mai yi wa wani aiki ba ya arziki. Maigidana Alhaji kuwa har yau a ka yake riƙe lissafi, ba ya tallar kaya a waya, kuma yana ba mutanen ƙauye kaya bashi ba tare da takarda ba. Da na yi masa magana sai ya ce in bari in girma. Ya yi alkawarin zai yaye ni nan da shekara biyu, ni kuma gani nake ɓata lokaci ne. Na tara Naira dubu 350. Abokina ya ce in ƙara da rancen manhajar waya, mu zuba a wani kamfani da ke biyan kashi 25 cikin ɗari duk wata, in riba ta taru in buɗe shagona. Mahaifiyata ba ta sani ba. Me kika gani?

Ɗanki, daga Ƙofar Wambai

Wa alaikumus salamu ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ka kai wa kamfanin nan ko sisi, kada kuma ka taɓa rancen manhaja. Ɗauko biro mu yi lissafi tare. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 25 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, yana ninkawa sama da sau 14 a shekara. Wato dubu 350 ɗinka za ta haura miliyan 5 baɗi war haka, shekara ta biyu kuma ta haura miliyan 70. Kai da ka shekara shida ana tayawa kana sallamawa, ka fi ni sanin abin da ake samu a kan dozin ɗin takalmi. Wace haja ce a duk faɗin Kano, daga Kwari zuwa Singa zuwa Dawanau, take haihuwa haka? In kuwa akwai ta, me mai ita yake nema da 'yan kuɗinka har yake aiko abokinka?

Mun ga irinsu. MMM ta yi alkawarin kashi 30 duk wata, ta kulle asusun mutane a Disamban 2016, daga baya hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 ne suka yi asarar Naira biliyan 18. CBEX ta ce za ta ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda, ta rufta da jama'a a Afrilun 2025. Da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sababbin shiga suka ragu sai a wayi gari manhaja ta ƙi buɗewa. Shi ya sa abokinka zai iya nuna maka alat na gaskiya alhali shi kansa bai san kuɗin wa aka ba shi ba. Kada ka ɗauke shi maƙiyi, ka dai ja masa kunne. Masu rancen manhaja kuma, da yawansu in ka yi jinkirin biya lambobin wayarka suke bi da saƙon cin mutunci. A cikin lambobin nan akwai ta Alhaji, akwai ta mahaifiyarka.

To, sai maganar littattafai. Ba zan ce ka ajiye su ba. Yaron da ke buɗe littafi tsakanin ciniki da ciniki abin alfahari ne a wurina. Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, wanda ya fito a 1997, ya koya wa mutane da yawa yin tambaya mai kyau kafin su sayi abu: wannan kawo mini kuɗi zai riƙa yi, ko cire mini? Ka riƙe wannan tambayar, ka yi wa sabuwar waya ita, ka yi wa shaddar ankon biki ita. Amma amsar da marubucin ya bayar ta Amurka ce. Can mutum yana karɓar bashin banki na shekara 30 da ruwa kaɗan ya sayi gida, 'yan haya su riƙa biya masa. A nan, ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance, ban da cewa kuɗin ruwa ba abin da ni da kai za mu kusanta ba ne tun farko. Kai mai sayar da takalmi ne, ka san kome kyan lamba 40 ba ta shiga ƙafar mai 44. Ka kuma sani cewa ɗaya daga cikin kamfanonin marubucin ya shigar da takardar karayar arziki a kotu a 2012. Ban kawo wannan don in ci mutuncinsa ba. Na kawo ne don ka riƙa karanta shi a matsayin mutum mai ra'ayi, wanda ake ɗaukar wani a bar wani.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne yadda ka fara kallon Alhaji. Ka ce yana ba mutanen ƙauye kaya ba takarda. Ka taɓa zama ka ƙirga nawa ne daga cikinsu suka gudu da kuɗinsa a shekara shidan nan? Na tabbata ba su da yawa, in ba haka ba da tuni rumfar ta rufe. Ya san wanda sai bayan kaka yake biya, ya san wanda ya yi ciniki da ubansa, ya san baƙon Maraɗi ko na Damagaram da in ya ce ranar kaza to ranar ce, ya kuma san wanda za a yi wa fara'a a ba shi ruwa amma ba za a ba shi kaya ba. Wannan ilimi ne, har masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarinsa sun rubuta littattafai. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro yake tafiya a kan bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba: mai shanu ya kawo garke daga Arewa, a sayar wa mahauta bashi, maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, in mahauci bai biya ba maigida ya biya daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Paul Lovejoy kuma a 1980 ya rubuta tarihin ayarin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci, yaro ya bi ubansa ko ubangidansa shekara da shekaru kafin a ba shi nasa jakunan. Ka nemi waɗannan ka karanta, a ciki za ka ga maigidanka.

Daga cikin Agalawan nan Alhassan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji wajen 1877, ya yi fataucin goro, ya shiga sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Labarin nan da ya shahara, na raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki, a 1929 ne, lokacin ya haura shekara 50. Shi ma Warren Buffett da littattafanka ke yawan ambato, yana ɗan shekara 11 ya sayi hannun jarinsa na farko, amma kusan duk dukiyarsa bayan ya haura 50 ta taru. Morgan Housel ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa The Psychology of Money na 2020, kuma a cikin irin waɗannan littattafan shi na fi yarda in ba matashi, domin haƙuri yake koyarwa da barin hanyar da za ta iya shafe mutum gaba ɗaya. Kai shekararka 24, kana ganin shekara biyu ta yi nisa.

Ka san me yaye yake ba yaro? Jarin da za a damƙa maka shi ne ƙaramin ciki. Babban shi ne ranar da Alhaji zai riƙe hannunka ya kai ka wurin masu kawo kaya daga Aba da Legas da masu ɗinka na gida, ya ce wannan ɗana ne, ku ba shi. Daga ranar za ka iya ɗaukar kayan da suka ninka jarinka, ka sayar ka kawo kuɗi. Wanda ya fita da fushi kuwa, kasuwa ƙarama ce, kafin la'asar kowa ya ji, kuma duk dozin da zai saya sai kuɗi hannu.

Amma fa kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma hujjarka ta fi ta littafin Bature ƙarfi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Kan mutum yana tsufa, mutuwa ba ta sallama, kuma gidaje nawa ne a birnin nan suka rasa dukiya saboda maigida ya tafi da lissafinsa a ƙirji? Sai dai kada ka je masa da "littafi ya ce". Sayi babban littafin rubutu, ka yi shiru, ka riƙa rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, wa ake bi, nawa, tun yaushe, wane samfuri ne yake tafiya, wanne ne ya yi kwantai. Bayan wata uku ka samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ka ce Baba ga ɗan abin da nake rubutawa don kada in manta, ko za ka duba mini. Dattijo ba ya son yaro ya koya masa, amma yana son yaron da ya kula da dukiyarsa. In ya ga amfanin wannan, tallar waya za ta zo da sauƙi: ka nemi izini ka riƙa ɗora hotunan kaya a WhatsApp da Facebook, ku yanke la'adar da za ka samu a kan duk abin da ka sayar ta can.

Dubu 350 ɗin kuma, a cikin sana'ar da ka sani za ka sa ta. Ka gaya wa Alhaji kana da ita, ka roƙe shi ya bar ka ka saro naka 'yan dozin ka ajiye a gefen rumfa. In ka samu, ka koyi abu. In sun yi kwantai, ka koyi abu a farashin da ba zai karya ka ba. Maganar yaye kuwa, ka gaya wa mahaifiyarka, a samu baffanka ko kawunka ya je ya gaishe da Alhaji ya yi godiya, a cikin hira a tsayar da lokaci. Alkawarin da babba ya yi a gaban babba ya fi zama.

In kana son karatun zuba jari da ya dace da mu, ka shiga Kurmi wajen masu sayar da littattafai ka nemi Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muwaɗɗa ta Imam Malik, ka samu malami ya biya maka babin ciniki da na ƙiradi. Ƙiradi shi ne wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince, in an yi asara ba da sakaci ba mai dukiya ya ɗauka, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Sharaɗinsa shi ne ba a yanke wa mai jari riba tabbatacciya, ba a kuma lamunce masa uwar kuɗi. Da wannan babin kaɗai za ka iya auna kamfanin abokinka.

Wasiƙa ta biyu

Gwaggo, ina wuni. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina sayar da gwanjon yara a gida. Wambai nake zuwa in an fasa dila in zaɓo. Ƙanwata da ke jami'a ta karanta mini The Richest Man in Babylon tana fassara mini, na ji an ce mutum ya riƙa ware kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu. Tun farkon 2023 nake yi, ina zubawa a banki, burina in sayi dila tawa ni kaɗai. Duk lokacin da na kusa, sai in tarar farashi ya gudu. Ga maigidana yana taɓa kuɗin in cefane ya gagara, ga dangi suna ɗaukar kaya da Sallah ba sa biya. Maƙwabciyata da ba ta karanta komai ba, adashi kawai take yi, ta sayi firiza tana sayar da ƙanƙara. Anya littafin nan bai yaudare ni ba?

Ƙanwarki, daga cikin birni

Lafiya lau ƙanwata. Macen da ta iya ware ushirin cinikinta shekara da shekaru, da yara huɗu a gabanta, a irin wannan tsadar, ta riga ta yi abin da ya fi wuya. Halin da littafin ya koya miki daidai ne. Wurin da kika ajiye kuɗin ne ya cuce ki, kuma marubucin bai san da ke ba. George Clason a Amurka ya rubuta shi, ya fito a 1926, asalinsa ma 'yan ƙananan takardu ne da bankuna da kamfanonin inshora suke raba wa jama'a.

Dubi abin da ya faru da Naira a daidai lokacin da kika fara tari. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. A watan Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, dubu 100 da kika ajiye farkon shekara, ƙarshenta abin dubu 74 take saya. Gwanjo kuma daga waje ake shigo da shi, dala yake bi, don haka ya fi sauran kaya gudu. Kina tafiya a ƙasa, dila tana kan mota.

Akwai abin da nake so ki duba tun kafin maganar tari, domin shi ne yake karya masu ƙaramar sana'a ba su sani ba. Ki daina ƙirga jarinki da Naira, ki ƙirga shi da riguna. In kin saro riga 100 kin sayar, kin cire abin da kike kira riba kin yi hidima da shi, kika koma Wambai sauran kuɗin ya sayo miki 85, to ba riba kika ci ba, uwar kuɗi kika ci. Farashin da za ki sa wa kaya, ki ɗora shi a kan abin da za ki biya in kin koma sari gobe, ki manta da abin da kika biya jiya. Kafin ki sallama kayan da suka kwana biyu, ki buga waya kasuwa ki ji yadda ake ciki. Masu saye za su yi ƙorafi, wasu su ce kin cika tsada. Ki yi musu bayani da fara'a, amma ki tsaya.

Maganar dila, kada ki jira sai kin iya ke kaɗai. Ki samu mata biyu ko uku da kika yarda da su, ku haɗa kuɗi ku sayi guda, ku fasa tare a gaban juna, ku kasa kashi-kashi daga na ɗaya har zuwa na ƙasa. Dila rufaffiya ce, wata ta yi kyau wata ta ba da kunya, in ku huɗu ne raɗaɗin ba ya kwantar da mutum ɗaya. Kuma ku sayi wurin wanda aka sani, ko da ya ɗara da 'yan dubbai.

Maƙwabciyarki ta yi nasara ne saboda kuɗinta bai zauna ba, ya zama firiza kafin farashi ya tashi. Adashi yana da wannan amfanin ga mai kwasar farko. Mai kwasar ƙarshe kuwa, in zubin na shekara guda ne, ita ma tsada ta ci rabonta kamar yadda ta ci naki. In za ki shiga, ki zaɓi gajere, na wata uku ko huɗu, a hannun uwar adashin da aka daɗe da sani, kuma tun kafin ɗauka ki san abin da za ki saya.

Abin da ba ki buƙatarsa nan kusa, akwai inda za ki sa shi. Iyayenmu gwal suke saya, har yau yana riƙe daraja, sai dai akwai tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa, don haka ba ajiyar wata shida ba ce, ga kuma tsoron ɓarayi. Akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a Satumban 2017 da Naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ciki har da ta Kano zuwa Maiduguri. Da dubu 10 ana shiga, ana biyan haya sau biyu a shekara. Na 2017 kashi 16.47 ne, na 2025 kuma 19.75. Ba kullum yake kamo tsada ba, kuma na shekaru ne, amma ya fi kuɗi kwance. In an buɗe sayarwa, ki tambaya a Jaiz ko TAJ ko Lotus. Ajiye hatsi kuwa ban ba ki shawara ba: da yawa daga waɗanda suka saya suka ɓoye a kakar 2024 sun sayar ƙasa da yadda suka saya da farashi ya faɗi a 2025, kuma ba sana'arki ba ce. A banki ki bar abin da zai ishe ki in yaro ya kwana da zazzaɓi ko wata larura ta taso.

Saura gida. Dukiyarki taki ce, ciyarwa kuma a kan maigida take, wannan shari'a ce kuma shi ma ya sani. Amma kin fi kowa sanin ko gazawa ce ko sakaci. In gazawa ce, taimakonsa lada ne, sai dai ya zama da suna. Ki ware abin da za ki iya bayarwa duk wata ki ba shi da hannunki a matsayin kyauta, abin da ya wuce nan ya zama rance a rubuce. Ki faɗa masa da dare in yara sun kwanta, ba lokacin da ya zo nema ba, ki ce: Baban yara, in jarin nan ya karye dukkanmu ne za mu ji. Dangi kuma, duk Sallah ki cire 'yan kaya a leda daban ki raba musu kyauta tun kafin su zo zaɓe. Wanda ya miƙa hannu cikin na sayarwa, ki ce wannan na kasuwa ne, da kuɗinsa zan koma sari. Za a yi miki gunaguni Sallah ɗaya, ta biyu an saba.

Wasiƙa ta uku

Salamu alaikum Gwaggo. Malamin lissafi ne ni a makarantar gwamnati, shekarata 39, mata ɗaya da yara biyar. Na karanta littattafan cin nasara sun fi 30. Na rubuta burina na manna a bango, ina maimaitawa safe da yamma kamar yadda Think and Grow Rich ya koyar. Har yau albashi ba ya kai ni 20 ga wata. Littattafan sun ce talauci daga tunani yake, don haka na fara ganin ni ne matsalar. Ba na barci sosai, kuma ina jin kunyar haɗa ido da iyalina.

Ƙaninki, malamin makaranta

Wa alaikumus salamu Malam. Wasiƙarka ta fi sauran taɓa ni. Ka saurare ni da kyau: albashin da ba ya kai wa ƙarshen wata ba shaida ba ce a kan tunaninka. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira dubu 70, a shekarar da buhun shinkafa ya fi wannan kuɗin. Kai malamin lissafi ne, ka san baki bakwai a kan albashi ɗaya amsar da zai bayar, ko wane ne yake riƙe da shi.

Napoleon Hill ya fitar da Think and Grow Rich a 1937, lokacin da Amurkawa ke cikin matsin tattalin arziki suna neman abin da zai ƙarfafa musu zuciya, kuma ya ƙarfafa wa da yawa. Illarsa da ta 'yan'uwansa ita ce labarin waɗanda suka tsira kawai suke bayarwa. Wanda ya yi duk abin da aka ce, ya yi sammako ya yi tattali, sannan ya faɗi, ba a ba shi shafi. A Maris ɗin 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a dare ɗaya. Mutanen nan da tunanin talauci suka kwanta? Mu an koya mana mu yi sababi iyakar iyawa, arziki kuma na Allah ne, Yana yalwatawa Yana ƙuntatawa. Wanda ya riƙe wannan ba ya zama malalaci, ba ya kuma tuhumar kansa a kan abin da ba a hannunsa yake ba.

Ka dakata da sayen sababbin littattafai na wata shida. Cire takardar burin daga bango, ka sa wata a madadinta mai abu ɗaya da za ka yi ranar Asabar mai zuwa. Ga shawarata. Kana da abin da kasuwa take buƙata ba ta san inda za ta same shi ba. A Ƙofar Wambai akwai 'yan kasuwa masu juya miliyoyi da ba su da littafin shige da fice, ba su san nawa suke bin mutane ba sai an zo lissafin zakka a shiga ruɗani. Ka fara da wanda ya san ka, uban ɗalibinka ko maƙwabcin masallaci. Ka ce za ka riƙa zuwa duk Asabar ka tsara masa lissafinsa, watan farko kyauta, in ya ga amfani ku yi ciniki. Sirrin mutane za ka riƙe, don haka bakinka ya zama a kulle ko a gida. Mutum biyu ko uku irin wannan, da darasin yamma ga masu shirin WAEC da JAMB, ba za su mai da kai attajiri ba, amma za su iya rufe kwana goman nan da ke hana ka barci.

Rashin barcin kuma kada ka raina shi. In ya wuce mako biyu yana tare da ƙuncin rai da rashin son shiga mutane, ka je ka ga likita, a Asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen da ke duba irin wannan, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Mai ɗakinka kuma ta riga ta lura, tana jira ne ka yi magana. Ka zaunar da ita yau, ka nuna mata takardar albashin da jerin abin da ake kashewa, ku duba tare.